Gemun Dunoma, Jikan Fartiyawa

Duk wanda ya daɗe a Gashuwa ya san gemun Dunoma, ko da bai san Dunoma ba. Gemun ne ke fara shiga kasuwa, mai shi ya biyo baya. Shekara ashirin da biyu aska ba ta taɓa shi ba. Kullum safe sai an shafe shi da man alayyadi an taje, in kuma za a ci tuwo a cusa shi cikin wuyan riga, don kada ya riga mai shi ɗanɗana miya.

Sana'ar Dunoma sayar da fartanya. Jikan maƙera ne, amma ko ƙusa bai taɓa ƙerawa ba, wai wuta ba ta shiri da gemu. Sai dai ya je Nguru ya saro, ya dawo ya baje a kasuwa. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. In maƙwabci ya kwanta ciwo, shi ne farkon zuwa dubiya. Bakinsa ne dai ba shi da linzami. In ya ba ka labarin kifin da ya taɓa kamawa, sai ka tausaya wa kogin.

Mutum biyu ne suka fi kowa sanin gemun nan. Ta farko matarsa Fanne, mai tsintar gashinsa a cikin kunu. Na biyu Alamin wanzami, wanda rumfarsa ke kallon teburin mai shayi, inda Dunoma ke zama kowace safiya. Shekara ashirin da biyu Alamin na kallon gemun nan yadda akuya ke kallon ganyen da ya fi wuyanta tsawo.

To, ranar da abin ya faro, Dunoma na dawowa daga Nguru a motar haya, ɗaurin fartanyoyinsa a but ɗin motar. Kusa da shi Malam Sabitu ne, ƙanin Fanne, mai koyar da tarihi a sakandare. Ka san tsakanin mutum da ƙanin matarsa, wasa ba ya ƙarewa.

Dunoma ya ce, "Kai ɗan boko, tun daga Nguru kake leƙen wayar nan kamar mai neman ƙwarƙwata. Me aka ɓoye a ciki?"

"Darasin gobe nake shiryawa, mijin Yaya. Labarin Fartiyawa."

"Su wa?"

"Fartiyawa."

Dunoma ya gyara zama. Ya waiwaya ya dubi wajen but, inda fartanyoyi ke ƙara in mota ta faɗa rami. Ya sake duban Sabitu. "Ci gaba," in ji shi, da wata irin murya.

Sabitu bai lura ba, don malami in ya sami mai saurare ba ya ganin gabansa. Ya ce wasu mutanen da ne, a ƙasar Farisa, inda ake kira Iran yanzu. Sun yi mulki kusan shekara ɗari biyar, sun fara tun kafin haihuwar Annabi Isa. Mahaya ne, maharba. In yaƙi ya yi zafi sai su juya kamar sun karaya, su zuba da gudu. Abokan gaba su biyo su. Sai su waiwayo a kan doki, yana tsakiyar sukuwa, ko likkafa babu, su saki kibiya ta baya. Da haka mutum dubu goma suka karya Rumawa wajen dubu arba'in. Har raƙuma suka tanada masu ɗauke da kibau, don kada harbi ya yanke.

"Farisar nan gabas take ko yamma?"

"Gabas."

Dunoma ya tafa hannu har direba ya firgita. "Alhamdu lillahi! Kakana ya sha faɗa, daga gabas muka zo!"

"Mijin Yaya, kowa a ƙasar nan daga gabas ya zo. Har rana."

"Rana tana sayar da fartanya? Fartiya, fartanya. Kai da ka yi boko ba ka ji ba? Ina abin ya samo sunansa in ba wajen masu shi ba?"

Sabitu ya buɗe baki zai yi gyara, amma tsautsayi ya sa yatsansa ya zame, hoto ya fito: tsohon kuɗin azurfa da masu tonon ƙasa suka haƙo, da kan wani sarki a jiki, gemu har ƙirji.

Dunoma ya fizge wayar ya kara ta kusa da kuncinsa, ya juya wa wata tsohuwa mai kwandon bandar kifi. "Iya, don Allah faɗi gaskiya. Wa kika gani?"

Tsohuwa ta ƙura ido ta ce, "Na cikin wayar ya fi ka hanci."

"Hanci na wajen uwa ne. Gemu nake tambaya."

Kafin su iso Gashuwa ya kalli duk hotunan wayar, har da wasu ƙahonin hauren giwa da aka tono a wani tsohon birninsu, waɗanda sarakuna ke sha da su. Ya sauka daga mota ba irin saukar da ya saba ba.

Washegari ya iso teburin Alhaji mai shayi sanye da wando buje, don ya ji Fartiyawa masu manyan wanduna ne. A hannunsa ƙahon sa ne da ya karɓo wajen mahauta, ya huda tsininsa yadda ya ji ana yi wa na sarakuna. Bulaman unguwa na zaune yana karya kumallo, da sauran 'yan majalisa.

"Alhaji, zuba mini a nan. Daga yau na daina sha a kofin talakawa."

Alhaji ya dubi ƙaho ya dubi Bulama. Bulama ya ce, "Zuba masa." Ya zuba. Dunoma ya toshe hudar da yatsa, ya fara bayani. Ya kawo Rumawa, ya kawo raƙuma, ya kawo kakansa. Shayi kuwa na ta dafa masa yatsa. Ya nemi inda zai ajiye, ƙaho ba shi da gindi. Ya daure, ya daure, ya kai inda Rumawa suka fara gudu, sai yatsa ya ce shi kam ba da shi aka yi alkawari ba. Shayi ya tsiyaye cikin buje.

Ya miƙe yana rawar da ba ganga. Daga rumfa Alamin ya ɗago murya. "Jikan sarakuna, sannu! Amma ƙaho mai huda a tsini ai kayan aikinmu ne, da shi muke tsotse mataccen jini. In ƙaho ne shaida, to ni ne Bafartiye. Zo in kafa maka shi a ƙeya, ƙila abin ya sauka."

Majalisa ta kwashe da dariya. Dunoma ya matse buje ya ce, "Hassada ga mai rabo taki ce. Harbin waiwayen nan a jinina yake. Kun taɓa tambayar kanku inda aka samo karin maganar nan, waiwaye adon tafiya? Mu muka kawo ta."

"To waiwaya mu gani," in ji Alamin.

"A kafa ƙwarya a kan sanda. In wuce ta a guje, in waiwayo in fasa ta."

"In ka kuskure fa?"

Nan ne ya kamata a ce Dunoma ya tuna yana da kasuwa. Amma ido ya yi masa yawa. Ya kama gemu da hannu biyu ya ɗaga. "In na harba na kuskure, ga shi nan. Ka aske shi a gaban jama'a!"

Alamin ya ajiye kan da yake askewa rabi, ya tako har tebur. "Bulama, ka ji?"

Bulama ya haɗiye burodi ya ce, "Na ji. Asabar bayan la'asar, a filin bakin kogi."

Tun daga ranar, duk lokacin da Dunoma zai wuce, sai Alamin ya fito da dutsen washi ya hau wasa aska, shuu, shuu, yana gaishe shi. "Ina kwana, Baba Dunoma? Ya gemu? A riƙa shafa masa mai, don Allah, kada ya ba ni wahala."

Labari ya riga Dunoma isa gida. Ya sami Fanne na tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Maigida, an ce ka kai gemunka kasuwa."

"Ke ba ki san wa kike aure ba. Shekara ashirin da shida kina zaune da jinin sarauta."

"Na san wanda nake aure. Wanda ya jefi ƙadangare da takalmi bara ya fasa mini randa."

"Wannan jifan gaba ne. Mu gwanintarmu ta baya ce. Waiwaye adon tafiya."

"Adon tafiya aka ce, ba a ce adon gudu ba. Mai waiwaye a guje haƙoransa yake tsinta."

Ya yi kamar bai ji ba. "Ranar Asabar akwai aikinki. Fartiyawa suna da raƙuma masu ɗaukar musu kibau. Ke za ki tsaya gefe da kwari."

Sai a nan ta ajiye rariya. "Wato ni ce raƙumar?"

"A'a, matsayi ne."

"To raƙuma na da sharaɗi. Kibiya mai kan ƙarfe ba za ta fita gidan nan ba. Gemu in ya tafi yana dawowa, idon ɗan mutane ba ya tsirowa."

Haka aka yi. Ya sayo tsohon baka wajen wani maharbi a Katuzu, ita kuma ta cire kawunan kibau ta ɗaura musu tsumma, ta tsoma a shuni, don a ga inda kowace ta sauka.

Saura doki. Na farkon da ya je aro wajensa ya ce dokinsa na da mura. Na biyu ya ce nasa na takaba. Dole ya koma kan jakin maƙwabcinsa. Ya kai shi bayan gari ya hau, ya ce, "Sukuwa!" Jaki ya sunkuya ya ci ciyawa. Da ya samu jakin ya taka, Dunoma ya murɗa jiki zai waiwaya, sai jaki ma ya waiwaya don ya ga abin da ake kallo. Ya juya dama, jaki ya juya dama. Suka yi ta zagaya wuri ɗaya kamar masu murza gyaɗa, har jiri ya kwashe shi ya zubar.

Ya tashi ya ce ya gano dabara. Ya hau a juye, fuska na kallon wutsiya. Yana cikin haka wata mata mai ɗauke da itace ta tsaya, ta riƙe baki. "Innalillahi! Bawan Allah, me ka sata aka yi maka wannan hawa?"

"Atisaye nake, Baba, wuce abinki."

Kibiya goma sha biyu ya saki ran nan. Ƙwarya na nan fara tas. Amma da yamma aka ga wata farar kaza na yawo da shuɗin baya, wani mai wanki kuma na tambayar wanda ya yi wa rigarsa hatimi.

Dunoma ya dawo gida ya ce laifin abu biyu ne: jaki ba shi da gudu, baka kuma ba na asali ba ne. Ya aika aka kira Sabitu.

"Ɗan boko, da me kakannina ke yin baka?"

Sabitu ya sauke numfashi. "Mijin Yaya, ba kakanninka ba ne. Fartanya daban, Fartiya daban, ko hanya ba ta haɗa su ba."

"Da me, na ce?"

"Da itace da ƙaho da jijiya, a manne su da gam."

"Madalla. Ranar Asabar kuma kai ne dokina. Ka wanke babur ɗinka."

"Ni? Wallahi ba da ni ba."

Fanne ta leƙo daga madafa. "Da kai za a yi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Wa ya aike ka nuna masa hoto? Ka tuƙa shi a hankali, ka dawo mini da shi da ƙafafunsa."

Ran Juma'a Dunoma ya sa aka tsaga ƙahon shayin nan gida huɗu, ya shiga kasuwa neman gam. Mai shago ya nuna masa na kafinta, ya ce wannan na talakawa ne. Ya hango wani a gwangwani mai zanen ɓera.

"Wancan fa?"

"Na kama ɓera ne. Shi ko shekara ya yi ba ya bushewa."

"Ka ji kaya masu ƙarko! Ba ni biyu."

Ya lafta wa baka, ya manna ƙaho, ya naɗe da zare. Ragowar ya ga bai kamata a yi asararsa ba, ya shafe tsirkiya sama da ƙasa don ta ƙara ƙarfi, ya bar wurin yatsu kawai.

Asabar bayan la'asar, filin bakin kogi ya cika. Masunta sun bar koma, masu keke sun faka, har daga Katuzu an zo a bayan akori-kura. Gefe guda shanyar barkono ce ja wur a kan tabarmi. An kafa sanda, an kifa ƙwarya. Bulama na kan kujera. Kusa da shi Alamin ya shimfiɗa fata, ya jera aska uku da ruwa a kasko, ya sa sabuwar hula kamar ranar suna.

Dunoma ya fito, buje na shara, gemu ya sha mai yana ƙyalli. Fanne ta miƙa masa kibiya ɗaya, ta yi ƙasa da murya. "Maigida, cusa gemun nan cikin riga."

"Ke! Jama'a gemu suka zo gani. Kin taɓa ganin sarki ya ɓoye gemunsa a kan kuɗi?"

"To, Allah ya kiyaye."

Ya hau bayan Sabitu, ya ɗaga baka sama. "Jama'a! Ku ne Rumawa. In na wuce ku yi ihu kamar kuna bi na!"

Wani ya ce, "Mu Badawa ne!" Wani ya ce, "Yau dai mun ara!"

Babur ya tashi. Sabitu na tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Dunoma ya dunƙule hannu ya zungure shi. "Wannan ai jakin ya fi ka! Ba shi wuta!"

"Yaya ta ce a hankali."

"Yayarka ce ta karya Rumawa? Murɗa!"

Sabitu ya murɗa. Suka wuce ƙwarya a guje, Rumawa suka kaure da ihu. Dunoma ya murɗa ƙugu ya waiwaya, ya ɗaga baka, ya ja tsirkiya har kunne.

To, ga abin da jaki bai koya masa ba. Jaki ba ya gudu, saboda haka ba ya tara iska. A kan babur kuwa, muddin kana kallon gaba, iska bayanka take kai gemu. Da ka waiwaya, sai ta kwaso shi ta miƙa shi gaban fuskarka, daidai inda tsirkiya take. Gemun shekara ashirin da biyu ya tashi kamar tuta, ya rungumi gam ɗin ɓera.

Dunoma ya saki.

Ƙarar da ya yi, an ce har masunta na tsallaken kogi sun amsa da salati. Tsirkiya ta tafi da gemu, gemu ya tafi da haɓa, haɓa ta tafi da mai ita. Ƙarshen baka ya make Sabitu a ƙeya, hularsa ta rufe masa ido. Babur ya bar hanya, ya yi rangaji sau biyu, ya kwanta da su a tsakiyar shanyar barkono.

Abin da ya biyo baya atishawa ce. Doki na yi, mahayi na yi, Rumawan da suka zo ceto na yi. Bulama ya buɗe baki zai yi magana, ya yi guda bakwai a jere. Da aka jawo Dunoma, baka na rataye a haɓarsa, barkono da yashi sun manne a gemu, kibiyar kuwa ba ta je ko'ina ba. Tana nan tsakiyar gemu, shuni na ɗiga a ƙirjinsa.

Alamin ya taso da aska, yana hawaye, rabi na barkono rabi na murna. "Bismillah. A zaunar da shi."

Dunoma ya ɗaga hannu. Bakinsa ya karkace saboda nauyin baka, amma yana aiki. "Tsaya! Me na ce ranar? Bulama, maimaita."

Bulama ya share hanci. "Ka ce in ka harba ka kuskure."

"To ina kibiyar?"

Kowa ya dubi gemu.

"Ta tashi? Ba ta tashi ba. Abin da bai tashi ba ya kuskure? Har yanzu harbin na kan hanya!"

Alamin ya yi tsalle. "Wace irin magana ce wannan? Mun ji ƙarar tsirkiya!"

"Ƙarata kuka ji."

Bulama ya juya abin a ransa. Mutum ne mai tsoron zalunci. Can ya ce, "Gaskiya kibiya ba ta bar baka ba. Wanzami, mai da askarka. Ba ka da iko da gemun nan."

Dunoma ya juya ga jama'a zai ɗaga kai don alfahari, baka ya fizgo shi ƙasa. Ya gwada cirewa, yatsu suka manne. Fanne ta aika aka kawo man gyaɗa ta zuba, abin ya zama kamar miyar kuka da aka kwaɓa da tsakuwa. Aka yanke tsirkiya, baka ya koma ya manne ta gefen ƙaho. Wani ya ce a kawo kalanzir. Dunoma ya hango murhun mai tsire na ci a gefe, ya ce ko kusa. Ga barkono ya fara aikinsa a fata, ƙudaje kuma sun fara sauka ba sa tashi.

Ya daure iya daurewa. Can dai ya taka a hankali, baka na lilo, har gaban fatar Alamin, wanda ke naɗe kayansa.

"Alamin."

"Na'am, ranka ya daɗe?"

"Ɗan rage mini."

"Ni? Ai hukunci ya hana ni. Ba ni da iko da gemun nan. Ka jira harbin ya iso."

"Alamin, don girman Allah. Yaji."

"Ɗaga murya, Rumawan baya ba su ji ba."

Fanne ta matso ta tsaya a kansa. "Alamin, ka ci nasara, kada ka haɗa da rashin imani. Aske mini miji in tafi da shi gida."

Ya aske. Kuma a faɗi gaskiya, da tausayi ya yi, yana yi yana hura masa. Da gemun ya faɗi, tare da baka da kibiya da barkono, sai ga wata 'yar haɓa fara sol, ƙarama kamar ƙwan zabuwa, wadda rana ba ta gani ba tun Fanne na goyon fari. Duk mai gemu a wurin sai da ya kai hannu ya shafa nasa.

Kwana uku Dunoma bai fita ba. Bai je kasuwa ba, bai je shayi ba. Abin da ya fi tayar wa Fanne hankali, bai yi ƙarya ko ɗaya ba. In ta kawo tuwo sai ya kai hannu zai cusa gemu a riga, ya kama iska. Ta ce masa, "Ni fa wannan fuskar na aura, na ma yi kewarta." Ya juya wa bango.

Rana ta huɗu ta je gidan Sabitu, ta same shi da ƙullutu a ƙeya.

"Gidana ya yi shiru kamar an yi rasuwa. Buɗe wayar nan. Cikin sarakunan nan duka, babu ko ɗaya marar gemu?"

"Yaya, so kike in ƙara masa?"

"Da miji mai shiru gara mai ƙarya. Duba."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa, sai ya fashe da dariya har ƙullutun ya yi masa zafi. Suka taho tare. Ya miƙa wa Dunoma wayar. Wani kuɗin azurfa ne, ya fi na farko tsufa. Mutumin da ke jiki haɓarsa sumul, a kansa wata hula mai kunnuwa biyu da suka sauko kan kunci.

"Wane ne wannan?" in ji Dunoma, murya ƙasa-ƙasa.

"Arsak. Shi ya kafa daular. Duk sarakunan da suka biyo baya sunansa suka riƙa ɗauka."

"Masu gemun?"

"Duk bayansa suka zo."

Dunoma ya tashi zaune. Ya ƙura wa hular ido. "Fanne! Ina hular nan haɓar-kada ta marigayi Baba?"

Washegari da safe sai ga shi a teburin Alhaji, haɓar-kada har kunci, haɓa na ƙyalli. Majalisa ta shirya dariya, bai ba su fili ba.

"Alamin, zo in gode maka. Ka naɗa sarki ba ka sani ba. Da ina ƙaramin jika, yanzu ni ne tushen gidan. Duk mai gemu a daular nan bayana yake." Ya dubi gemun Bulama, ya ce, "Ban da wanda ke wurin."

Alamin ya ce, "To in ya sake tsirowa fa?"

"Ka bar shi ya tsiro ka sauke ni daga sarauta? Kowace Juma'a ka zo gida da askarka."

Alamin ya koma rumfa yana murmushi. Shekara ashirin da biyu yana neman aski ɗaya, ga shi ya samu na kowane mako.

Shi kuwa bakan, Fanne ba ta yar ba, don ba ta iya asara ba. Ta jingine shi a ɗakin hatsi, bayan buhun gero. Kafin sati ya kama ɓera uku.